Tsiron Gaba: Idan Ya Fito wa Miji ko Mata, Mene ne Abin Yi?

(Taken shiri)

 Wannan filinmu ne na kiwon lafiya, daga nan Ashanti New Town cikin birnin Kumasi. Gaisuwa ga mutanen Alabar da Aboabo da Asawase da Sabon Zongo da Akwatia Line da Sawaba da Moshie Zongo. Gaisuwa ga iyayenmu mata da ke kasa kaya a Kejetia, da makanikai a Suame, da direbobin manyan motoci da suka kama hanyar Paga ko Bawku.

Maganar yau ta manya ce. Idan akwai yara kusa da rediyo, a ba su aike. Za mu yi ta cikin ladabi, amma za mu kira kowane abu da sunansa, don ranar wanka ba a ɓoyon cibi.

Za mu yi magana ne a kan wani tsiro da ke fitowa a gaban namiji ko na mace, ko a bakin dubura. Mace takan ji shi da hannunta wajen tsarki. Namiji yakan gan shi ranar da ya zo aske gaba. Wani lokaci kuma a jikin abokin zama ake fara ganinsa. Daga nan sai barci ya ƙaurace, tambayoyi uku su tsaya wa mutum a rai: mene ne wannan, daga ina ya zo, kuma ni ma na kamu ke nan? Waɗannan ukun za mu bi ɗaya bayan ɗaya.

Abin da ke kawo wannan tsiro wata ƙwayar bairos ce da likitoci ke kira HPV. Dangi ne babba, nau'insu ya haura 200, kuma kusan 40 daga ciki a fatar al'aura suke zama. Kowane nau'i da lambarsa. Mai lamba 6 da mai lamba 11 su ke haddasa kusan kashi 90 cikin 100 na tsiron gaba. Ku riƙe waɗannan lambobi biyu, za mu dawo kansu. Ƙwayar ta yaɗu a duniya ƙwarai, har masana suka ce mafi yawan mutanen da suka san aure sun taɓa ɗaukar wani nau'inta a rayuwarsu, kuma akasarinsu ba su taɓa sani ba. Garkuwar jiki ce ke yaƙarta a ɓoye. A cikin mutum 10 da suka ɗauka, kusan 9 jikinsu yakan kawar da ita cikin shekara 2 ba tare da sun sha ko ƙwaya ɗaya ba. 'Yan kaɗan ne abin ke fito musu fili.

To, ta yaya take wucewa daga wani zuwa wani? Ta haɗuwar fata da fata lokacin saduwa. Ba sai maniyyi ya fita ba, ba sai jini ya haɗu ba. Gugar fatar da ke ɗauke da ƙwayar a jikin wata fata ta isa, musamman inda aka sami 'yar ƙujewa da ido ba ya gani. Saduwa ta gaba tana ɗaukarta, ta baya tana ɗaukarta, ta baki ma tana iya kai ta maƙogwaro. Kuma mutum yana iya ba wani alhali shi kansa babu komai a jikinsa da za a nuna.

Mun san zaman Zongo, gida ɗaya ɗaki goma, banɗaki ɗaya, wasu kuma na unguwa suke zuwa. Shi ya sa da abu ya fito sai a ce ai a banɗaki aka ɗauko. Jama'a, ba ta nan take bi ba. Haka nan ba a ɗaukarta ta musabaha, ko cin tuwo kwano ɗaya, ko zama tabarma ɗaya a wajen suna. Wadda abin ya sama ba ta da dalilin ware kwanonta, kuma ba wanda ke da hujjar ƙyamarta.

Mu zo ga alamomi. Tsiron yakan fara ƙarami, launin fata ko ya ɗan fi ta duhu ko haske. Wani a shafe yake, sai an shafa a ji kaushinsa. Wani yana da ɗan wuya, yana reto. Wani guda ɗaya ne, wani kuma sukan taru su cunkushe, kansu ya yi tsaga-tsaga kamar zankon zakara. A jikin namiji ana samunsa a kan mazakuta ko jikinta, a fatar maraina, a matsematsi, ko a bakin mafitsara. A jikin mace yana fitowa a leɓɓan gaba, a ƙofar farji, a tsakanin gaba da dubura, wani lokaci can ciki har bakin mahaifa inda sai ma'aikaciyar lafiya ta duba za a gani. A bakin dubura kuwa yana fito wa kowa, namiji da mace, ko da ba a taɓa kusantar wajen ba, domin ƙwayar tana bin fata ta yaɗu.

Yawanci ba ya ciwo, kuma wannan ne ke sa a yi sakaci. Wasu sukan ji ƙaiƙayi, ko ɗan zafi, ko damshi a wajen. Wasu sukan ga ɗigon jini bayan saduwa ko bayan bahaya. Idan ya toshe bakin mafitsara, fitsari yakan rabu biyu ko ya karkace. Ba ya kawo zazzaɓi, ba ya kawo mugunya. Idan akwai mugunya, ko zafin fitsari, ko gyambo, ko ƙuraje masu ɗurar ruwa da ke fashewa da raɗaɗi, to wata cutar ce daban, ko kuma biyu ne suka haɗu.

(Ɗan gajeren hutu)

Masu sauraro, barkanmu da dawowa. Yanzu mun iso inda gidaje ke rushewa, don haka a ƙara kasa kunne.

Tsakanin ranar da ƙwayar ta shiga jiki da ranar da tsiro zai fito, akwai tazara. Wani bincike da aka yi a Landan a 1971 ya gano cewa tazarar tana kamawa daga mako 3 zuwa wata 8, galibi wajen wata 3. Binciken ya kuma nuna cewa kusan biyu cikin uku na waɗanda suka sadu da mai tsiron su ma ya fito musu. Daga baya masana sun ƙara gano cewa ƙwayar tana iya lafewa a fata tsawon shekaru, sai ranar da garkuwar jiki ta yi rauni ta ɗago kai, ko da juna biyu, ko da ciwon suga, ko da wata doguwar jinya.

Ma'anar wannan ita ce, babu likitan da zai dubi tsiro ya ce ranar kaza aka ɗauka, ko wajen wane aka ɗauka. Babu gwajin da ke nuna haka. Mu dubi yadda aurenmu yake. Alhaji ya auri bazawara, ita ta taɓa zama da wani mijin, shi ma ya taɓa zama da wata matar da suka rabu. Mijin farko yana da wasu matan, su ma wataƙila sun yi wani auren kafin nasa. Duk cikin halal aka yi, ba wanda ya taka doka, amma ƙwayar ta sami hanya. Haka kuma wanda abin ya fara fito wa ba lallai shi ya kawo ba. Sau da yawa miji ne ke ɗauke da ita jikinsa sumul, sai ta fito wa matar. Ita ake gani da ciwo, ita ake tuhuma, ita ake cewa ta tattara kayanta.

Ba muna cewa ba a cin amanar aure ba ne. Ana yi, kuma duk mai yawon banza, namiji ko mace, ya sani yana jawo wa iyalinsa abin da ba su ji ba ba su gani ba. Amma tsiro shi kaɗai ba shaida ba ne. Hausawa sun ce zato zunubi ne ko da ya zama gaskiya, kuma malamanmu kullum suna ja mana kunne a kan nauyin yi wa mace ƙazafi. Maigida, kafin ka furta kalmar da ba ta komawa, ka je ka ji ta bakin likita. Uwar miji, Hajiya, idan maganar ta iso kunnenki, ki zama mai yayyafa ruwa. Uwargida da amarya, kada wannan ya zama abin gori a tsakar gida, domin abin da ya ci Doma ba ya barin Awe. Mijinku ɗaya.

To, an gani a jikin miji ko mata. Me za a yi?

Da farko, a faɗa wa juna. Da nauyi a baki, amma ɓoyewa ta fi muni, don ranar da ɗayan ya gano da kansa, yarda ta tafi. Na biyu, a dakata da kwanciyar aure har sai an yi magani tsiron ya baje kuma wajen ya warke, domin lokacin da yake tsaye ne ya fi yaɗuwa. Na uku, a je asibiti tare, kuma idan gidan mata biyu ne ko uku ko huɗu, kowacce a duba ta. Wanda aka duba ba a ga komai ba, babu maganin da za a ba shi na kashe ƙwayar, kuma babu gwajin jini da ke nuna ta. Abin da zai yi shi ne ya riƙa duba jikinsa lokaci-lokaci cikin watannin da ke tafe, in ya ga wani abu ya koma. Na huɗu, duka a yi gwajin ƙanjamau da na tunjere, domin cututtukan saduwa sukan yi tafiya tare. Kwaroron roba yana rage haɗari sosai, amma ba ya rufe dukkan fata, don haka kariyarsa ba cikakkiya ba ce. Kaciya ma tana ragewa, amma masu kaciya suna kamuwa.

Ina za a je? Mu nan Ashanti New Town asibitin Manhyia yana bakin ƙofarmu. Wanda yake jin nauyin kada ya haɗu da maƙwabci a layi, ga asibitin Tafo, ga na Suntreso wanda ke da sashe na musamman na cututtukan saduwa, ga na Kumasi South a Atonsu. Idan abin ya girma ko ya ƙi jin magani, za a tura mutum babban asibitin koyarwa na Komfo Anokye a Bantama. A tafi da katin inshorar lafiya. Mace tana da damar ta ce mace take so ta duba ta. Kuma dokar aikin ma'aikatan lafiya ta hana su fitar da sirrin mara lafiya.

Me ya sa muke nacewa sai an duba? Saboda ba kowane tsiro ne wannan ba. Da yawa a cikinmu da sun ji abu a dubura sai su ce basir mai tsiro ne, maƙwabtanmu Asante su ce kooko, a nufi mai maganin gargajiya a tasha ko a cikin mota. Basir jijiyoyin jini ne da suka kumbura, maganinsa daban. Wata shida ana shan jiƙo ana tsuguno a ruwan ɗumi, tsiron yana ƙara yaɗo. Akwai kuma tunjere, wadda a mataki na biyu takan fitar da wani tsiro mai faɗi mai damshi a wannan wajen. Ita allurar fenisilin ce maganinta, kuma idan aka bar ta tana taɓa zuciya da ƙwaƙwalwa, tana kashe ɗa a ciki. Akwai wasu 'yan ƙananan ƙuraje da ke jeruwa a gefen kan mazakuta, waɗanda halitta ce kawai, ba ciwo ba, amma samari da yawa sun ƙona kansu a kansu. Sannan akwai ciwon daji na gaba ko na dubura, wanda a farkonsa yakan yi kama da tsiro. Duk tsiron da ya yi tauri, ko ya zama gyambo, ko yake zubar da jini, ko ya yi baƙi ƙirin, kada a kwana da shi.

Ina roƙonku da girman Allah, kada a sa soda. Kada a sa ruwan batir. Kada a ɗaure da zare, kada a yanke da reza, kada a kai wa wanzami. Fatar wajen laushi gare ta, ƙunar da za a yi ta fi tsiron illa, kuma tabonta yana iya tsuke hanyar fitsari ko ta haihuwa. Maganin da ake sayarwa na tsiron hannu da ƙafa ba na gaba ba ne. Kafso da ake saya a kemis ba ya taɓa bairos, asarar kuɗi ce kawai. Kuma a kula da aski: reza idan ta bi ta kan tsiro takan kwashi ƙwayar ta shuka ta a gaba. Har a warke, a rage gashin da almakashi, kuma kowa ya riƙe rezarsa.

A asibiti akwai hanyoyi da dama. Akwai ruwan magani da ma'aikaci ke ɗigawa a kan tsiron da kansa mako-mako. Akwai man shafawa da likita ke rubutawa a yi amfani da shi a gida bisa ƙa'ida. Akwai daskarar da shi da ruwan naitirojin mai tsananin sanyi har ya bushe ya faɗi. Akwai ƙonawa da na'urar lantarki ko yankewa bayan an yi allurar kashe zafi. Likita ne zai zaɓa, gwargwadon girman abin da inda ya fito. Amma ku san wannan tun yanzu: magani tsiron yake cirewa, ƙwayar kuwa garkuwar jiki ce ke gamawa da ita a hankali. Shi ya sa yakan dawo, musamman cikin wata 3 na farko. Dawowarsa ba ta nufin an sake ɗaukowa a waje, kuma ba ta nufin maganin asibiti bai yi ba. A koma a ƙarasa. Mai shan taba ya daina, don taba tana jinkirta warkewa. Mai ciwon suga ya kula da sugansa. Mai ɗauke da ƙanjamau ya riƙe maganinsa da kyau, domin raunin garkuwa ne ke sa tsiron ya yi girma ya yi taurin kai.

Iyayena masu juna biyu, ciki yakan sa tsiron ya ƙaru, bayan haihuwa kuma sau da yawa yakan ja da baya. Ki faɗa wa ungozoma a wajen awo. Kada ki shafa komai da kanki, domin wasu magungunan, irin su fodofilin, suna cutar da ɗan da ke ciki. Mafi yawan masu wannan tsiro suna haihuwa da kansu lafiya, ba a yin tiyata sai ya tare hanya ko ana tsoron zubar jini. Nadiran ƙwayar takan shiga maƙogwaron jariri, don haka yaron da muryarsa ta dishe ta ƙi washewa, a kai shi a duba. Idan kuma aka ga irin wannan tsiro a gaban ƙaramin yaro ko yarinya, a garzaya asibiti. Yana iya zuwa ta haihuwa ko ta hannun mai yi masa tsarki, amma dole a tabbatar ba wani ne ke lalata da shi ba.

(Ɗan gajeren hutu)

Jama'a, saura tambayar da ta fi tayar wa mata hankali: shin wannan tsiro yana zama ciwon daji? Lamba 6 da lamba 11 da muka ambata ba su ne ke kawo sankarar bakin mahaifa ba. Masu wannan aika-aika 'yan uwansu ne, musamman lamba 16 da lamba 18, waɗanda ke haddasa kusan kashi 70 cikin 100 na cutar. Wani masani ɗan ƙasar Jamus, Harald zur Hausen, shi ya gano haka, aka ba shi kyautar Nobel a 2008. Su lamba 16 da 18 ba sa fitar da tsiro, ba sa ƙaiƙayi. Shiru suke yi shekara 15 zuwa 20 suna ɓarna a bakin mahaifa. Hanyar da 6 da 11 suka bi suka shigo, ita 16 da 18 ke bi. Don haka wadda ta ga tsiro, ta ɗauke shi a matsayin tuni, ta nemi a duba mata bakin mahaifa.

A ƙasarmu Ghana, mata kusan 3,000 ne ake samu da wannan sankara kowace shekara, kuma bayan ta nono ita ce ta biyu a tsakanin mata. Yawancinsu sai abu ya yi nisa suke isa asibiti. Alhali gwajin na 'yan mintoci ne: ko a shafa ruwan binega a bakin mahaifa a duba, ko a ɗan shafo wajen a kai ɗakin gwaji. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce mace ta fara daga shekara 30, mai ɗauke da ƙanjamau kuma daga 25, domin haɗarinta ya ninka na sauran mata sau 6. Jini bayan saduwa, jini bayan an daina al'ada, ko ruwa mai wari da ya ƙi tsayawa, duk alamu ne da ba a jira da su.

Ga kuma albishir. Tun 2006 akwai allurar rigakafi. Wadda ake kira Gardasil tana karewa daga nau'i huɗu: 6 da 11 da 16 da 18, wato tsiro da sankara a lokaci guda. Ƙasar Ostireliya ta fara yi wa 'yan mata a 2007, kuma cikin 'yan shekaru tsiron gaba ya ragu da fiye da kashi 90 cikin 100 a tsakanin 'yan matan da ke zuwa asibitocin cututtukan saduwa. Ruwanda ta fara a 2011, Najeriya a watan Oktoba na 2023. Mu ma a Ghana, a watan Oktoba na 2025 Hukumar Lafiya ta ƙasa ta ƙaddamar da allurar HPV kyauta ga 'yan mata masu shekara 9 zuwa 14. Ana yi musu da ƙuruciya ne domin allurar tana aiki sosai idan ta riga ƙwayar shiga jiki. Ba ta warkar da tsiron da ya riga ya fito. Masu cewa tana hana haihuwa ba su da hujja: an yi wa miliyoyin 'yan mata a duniya, sun girma sun yi aure sun haihu.

Don haka, iyaye, duk mai 'ya a waɗannan shekaru da ba a yi mata ba, ya tambayi nas a asibiti mafi kusa. Malaman makarantun allo da na islamiyya, ku buɗe wa ma'aikatan lafiya ƙofa. Limamai da sarakunan Zongo da magajiyoyi, ku sa baki, don maganarku tana da nauyi a gidajen da tamu ba ta kaiwa. Maigida, ka ba iyalinka izini da kuɗin mota, in da hali ka raka ta, kai ma a duba ka. Wanda ke fama da wannan a ɓoye, ciwo ne mai magani, ka tashi gobe da safe ka je asibiti.

Nan muka kawo ƙarshen shirin na yau. Allah Ya ba marasa lafiyarmu lafiya, Ya zaunar da gidajenmu cikin aminci. Sai mako mai zuwa idan Allah Ya kai mu. Wassalamu alaikum warahmatullah.

(Taken rufewa)